Abin Da Ya Sa Mai Hoton Ƙirji Ke Cewa A Riƙe Numfashi

Manomin Matazu da tari ya ƙi saki, idan likita ya tura shi hoton ƙirji, za a tsayar da shi ƙirji manne da allo, hannaye a ƙugu, kafaɗu gaba, domin kada allon kafaɗa ya kare huhu. Sai ya ja numfashi ya riƙe, huhu ya buɗe, hoto ya fito tsaf. Da ya motsa sai an sake, kuma kowane maimaici ƙarin haskawa ne ga jiki. Laya da sarƙa a cire su. Mai juna biyu, ko mai zaton haka, ta faɗa tun kafin a fara. Kunya ba ta da gurbi a nan. Ɗan rakiya ya tsaya waje, sai fa mai riƙe yaro, shi ma sanye da rigar dalma.