Ma'aikaci da Wahalar Hanya: Daga Legas da Kaduna Zuwa Gabashin Sakkwato

Da sanyin safiyar Litinin, motocin da ke barin birnin Sakkwato zuwa Wurno, Rabah da Goronyo kan cika da fuskokin da direbobi suka riga suka sani: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na sakatariyar ƙaramar hukuma. Iyali na birni, wurin aiki na karkara. Kafin la'asar sakaliya kuma kowa ya fara neman motar komawa, domin ba mai son dare ya riske shi a hanyar da 'yan bindiga suka sa wa ido.

Irin wannan kai-da-kawo ta daɗe tana ci wa gwamnatoci tuwo a ƙwarya, kuma wasu sun gwada magani. Jihar Kaduna ce ta fara. Daga ranar 1 ga Disamba, 2021, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Hujjarta ita ce ma'aikaci ya samu lokacin iyali, hutu da gona.

Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. A watan Yuni jihohin Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku.

Legas, wadda cunkoson motocinta ya zama abin kwatance, ta bi sahu a Fabrairun 2024. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ce ma'aikata daga mataki na 1 zuwa na 14 su riƙa zuwa ofis kwana uku, na mataki na 15 zuwa na 17 kwana huɗu, aka kuma yi ragin kashi 25 cikin ɗari a motocin haya na gwamnati. Lissafin a fili yake: idan dubban mutane ba su fito lokaci guda ba, titi zai samu sarari, aljihu ma ya huta.

To amma ciwon gabashin Sakkwato daban ne. Babu jerin gwanon motoci a hanyar Achida ta zuwa Wurno, in ba ranar kasuwa ba. Abin da ke gajiyar da ma'aikaci a nan nisa ne, da tsadar kuɗin mota, da fargaba. Kuma yawancin aikin ƙaramar hukuma ba ya yiwuwa daga ɗaki. Ungozoma ba ta karɓar haihuwa ta waya, malamin gona ba ya duba shinkafar fadamar Wurno ko albasar da ke shan ruwan madatsar Goronyo ta intanet. Ko a Kaduna, ba a rufe asibitoci ranar Juma'a ba.

Saboda haka kwaikwayon Legas ido rufe zai iya ƙarewa da sakatariya wayam, talaka ya zo neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ya tarar da ƙofa a kulle. Abin da ya fi dacewa shi ne a tura ma'aikaci kusa da garinsu, a gyara gidajen malamai da na ma'aikatan lafiya, a sa motar ma'aikata mai tashi kan lokaci, sannan a tsara karɓa-karɓa a ofisoshin da aikinsu na takarda ne.

Shugabannin ƙananan hukumomin uku da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE su fara da abu mai sauƙi: su ƙidaya ma'aikatan da ke kwana a Sakkwato, su kuma lissafa nawa hanya ke cinyewa daga albashin kowannensu a wata.