Gasasshen kayan lambu da zuma: girkin Turawa da amfanin garkarmu

Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Saini Kunce ta ƙarfafa noman rani, kasuwannin Nijar ba su rabo da kayan lambu in sanyi ya kama. Albasar Galmi, dankalin turawa na Abzin, karoti da kabewa sukan yi yawa har farashi ya faɗi, wani ma ya ruɓe a hannun manomi. Amma a gidaje da dama hanyar girka su ɗaya ce: a zuba cikin miya su dahu har su narke. Yara kuwa sai su tsince karoti su ture gefen kwano.

A ƙasashen Turawa akwai wata dabara. Mutanen Ingila suna gasa karoti da zuma a tanderu, su ci tare da gasasshen nama ranar Lahadi ko ranar Kirsimeti. A Amurka dankalin Hausa suke gasawa da jan sukari da man shanu, musamman a bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Ba shi ne babban abinci ba, ɗan rakiya ne da ake ajiyewa gefen nama ko shinkafa.

Sirrin abin yana ga wuta. Dafuwa cikin ruwa tana salamtar da ɗanɗano, gashi kuwa yana ƙone ruwan jikin kayan, zaƙinsu ya taru, bayansu ya yi ja.

Uwargida ta tanadi karoti rabin kilo, dankali rabin kilo, albasa 2, mai cokali 3, zuma cokali 2, lemun tsami 1, gishiri, citta da ɗan barkono. In babu zuma, mazarƙwaila da aka narkar cikin ruwa kaɗan ta wadatar. A fere, a yanka daidai wa daida don su nuna tare. A cuɗe su da mai da gishiri, a baza kan faranti ba tare da wani ya hau wani ba. In suka cunkushe turara za su yi, ba gasuwa ba. A sa cikin tanderu mai zafin digiri 200 na minti 30, a juya sau ɗaya. Wadda ba ta da tanderu ta sami tukunyar ƙarfe mai kauri, ta sa garwashi ƙasa da bisa marfi.

Sai a nan zuma ke shiga. A dama ta da ruwan lemun tsami, citta da barkono, a yaryaɗa, a mayar wuta minti 10 kacal. Wadda ta zuba tun farko za ta tarar ta ƙone ta yi ɗaci, domin zuma ba ta jimirin wuta.

Karoti da kabewa suna ba jiki bitamin A mai kare lafiyar ido, man da aka sa kuma yana taimaka wa jiki ya karɓe shi. Sai dai zuma da zaƙi da harbi: likitoci sun hana ba da ita ga jaririn da bai cika shekara 1 ba, mai ciwon sukari kuma a gasa masa nasa da mai da yaji kawai.

Uwargida, kafin zafi ya shigo kaya su yi tsada, a jarraba. Allah ya ba da sa'a.