Katin Bashi Marar Ruwa: Rangwame Ne Mai Wa'adi

A ƙasashen Birtaniya da Amurka ya zama al'ada ga magidancin da ke shirin yin babbar sayayya, kamar kayan ɗaki ko injin wanki ko tikitin jirgi na iyali, ya bar tsohon katinsa na bashi ya nemi sabo wanda aka yi masa alkawarin ba za a ɗora masa ruwa ba. Labarin irin wannan kati yana iso wa 'yan kasuwarmu ta bakin 'ya'ya da 'yan'uwa mazauna can, kuma da yawa kan ɗauka cewa rance ne irin wanda ɗan'uwa ke ba ɗan'uwa. Alhali kuwa ruwan yana nan a rubuce cikin yarjejeniya, an dai jinkirta shi ne zuwa wata rana da aka ƙayyade.

Yadda abin yake shi ne, banki zai ba sabon abokin hulɗa wa'adi, watau wata shida ko shekara guda, wani lokaci har fiye da wata 20 a Birtaniya, wanda a cikinsa duk abin da ya saya da katin ba ya jawo ruwa. Alal misali, wanda ya sayi kaya na fam 2,400 a kan wa'adin wata 20, in ya daure yana biyan fam 120 kowane wata, zai fita bai ƙara ko sisi ba. Wannan gaskiya ne, kuma akwai masu cin moriyarsa. To amma banki ba ya tilasta masa biyan fam 120 ɗin. Abin da yake nema kawai shi ne wani ɗan ƙaramin kaso a wata, wanda in mutum ya tsaya a kansa wa'adin zai cika alhali mafi yawan bashin yana wuyansa. Daga wannan rana sai ruwa na ainihi ya soma aiki, wanda a Amurka matsakaicinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekarun 2023 da 2024.

Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Banki yana samun kamasho daga hannun mai kanti a kan kowace sayayya, sa'an nan yana lissafin cewa daga cikin waɗanda suka karɓi katin akwai kaso mai tsoka da ba za su gama biya a kan lokaci ba. Wanda kuma ya kwaso tsohon bashinsa daga wani kati ya mayar kan sabon, akan caje shi ladan canji nan take, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a Amurka. Cire tsabar kuɗi daga na'ura ba ya cikin rangwamen, ruwansa kan fara ne tun ranar da aka cire. Haka nan a Birtaniya saɓa biyan wata guda kaɗai yana iya sa banki ya janye rangwamen gaba ɗaya.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan haɗari, wanda manyan kantuna a Amurka suka fi bayarwa. A nan sharaɗin shi ne babu ruwa muddin an biya duka kafin wa'adi. A ce mutum ya sayi kaya na dala 3,000 a kan wata 12, yana biyan dala 235 a wata, ranar ƙarshe ta zo da saura dala 180. Mai kati ba zai lissafa ruwa a kan dala 180 ɗin kaɗai ba, zai koma tun ranar sayayya ya lissafo ruwan dukkan watannin. In ruwan katin kashi 30 cikin ɗari ne, kamar yadda aka saba gani a katunan kantuna, sai a ɗora masa sama da dala 500 a dare ɗaya. Kalmomin tallar iri biyun nan sun yi kama ƙwarai, shi ya sa ake yawan faɗawa ciki.

Hukumomi sun sa hannu har sau da dama. Dokar katin bashi ta Amurka ta 2009 ta hana rangwamen talla ya gaza wata shida. A Birtaniya kuwa, tun 2018 aka wajabta wa bankuna su tuntuɓi duk wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da abin da yake ragewa daga uwar kuɗi. Sai dai a yi adalci, katin yana da wata fa'ida da tsabar kuɗi ba ta da ita: sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 a Birtaniya ya ɗora wa mai bayar da kati alhaki tare da mai kanti a kan kayan da farashinsu ya wuce fam 100 bai haura fam 30,000 ba. In kamfani ya karye kafin ya kawo kaya, mai saye yana da ikon bin banki kuɗinsa.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya, abu na farko shi ne ba a ba da irin wannan kati sai ga mazaunin ƙasar da ke da tarihin biyan bashi a can. Saboda haka hanyar da aka fi bi ita ce a roƙi ɗa ko ƙane ya sayi kaya da katinsa, a riƙa aika masa kuɗi daga gida. Wanda ya yi haka a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a watan Fabrairun 2024 tana sama da naira 1,500. Banki bai karɓi ruwa ba, amma kowane biya na wata ya ninka sau uku a aljihun mai samun kuɗinsa da naira. In kuwa aka yi jinkiri, sunan mai katin ne ke ɓaci a wurin bankunan can, kuma wannan tabo kan bi shi shekaru wajen neman hayar gida ko rancen sayensa.

Sai kuma batun addini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga masu karanta wannan shafi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 a birnin Riyad cikin shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a bayar ko a yi hulɗa da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi ya cika. Katin rangwame na Landan ko New York yana ƙarƙashin wannan hukunci, domin sharaɗin ruwan yana cikin takardar da aka sa wa hannu.

Abin da bankunan da ba sa hulɗa da ruwa ke yi a nan gida wani tsari ne dabam. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, sukan bi hanyar murabaha wajen babbar sayayya: banki ya sayi injin niƙa ko motar ɗaukar kaya da kuɗinsa, ya sayar wa abokin hulɗa da ribar da aka faɗa tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. Ba kyauta ba ne, kuma ribar tana iya yin tsada, musamman a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024. Amma jimillar da aka rubuta ranar ciniki ita ce za a biya, da naira, kuma ko an yi jinkiri an ci tara, ƙa'idar ita ce tarar ta tafi ga ayyukan sadaka, ba ta shiga ribar banki.