Yadda Ake Gane Ci Gaban Yara Masu Buƙata ta Musamman a Makaranta

Idan an ba da hutun ƙarshen zango, tambayar farko da iyaye kan yi wa yaro ita ce, "Na nawa ka zo?" Wanda ya zo na ɗaya a sa masa albarka. Wanda ya zo can ƙarshe ya sha faɗa, wani lokaci har da bulala. Tambayar tana da amfaninta, amma akwai yaran da take cutarwa. Su ne makafi, da kurame, da guragu, da masu jinkirin fahimta. A da an fi kiransu naƙasassu. Yanzu ana ce musu masu buƙata ta musamman.

Irin waɗannan yara suna nan a kusan kowane ƙauye. Wani ƙyanda ce ta taɓa masa ido. Wani sanƙarau ne ya toshe masa kunne, kamar yadda ya faru da yara da dama a annobar 1996. Wani shan-inna ce ta shanye masa ƙafa. Wani kuwa haka aka haife shi. Akwai makarantu na musamman domin su, kamar Makarantar Makafi ta Gindiri a Jihar Filato, wadda aka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano. To amma irinsu ba su da yawa, kuma suna da nisa. Saboda haka yaron ƙauye in ya samu shiga makaranta, galibi firamaren garinsu ce, aji ɗaya da sauran yara.

Lambar da ake rubutawa a takardar sakamako tana gwada yaro da 'yan ajinsu ne kawai. Ba ta nuna inda ya taso. A ce ga yarinya kurma a aji biyu mai yara 60. A zangon farko ta zo ta 58. A zango na biyu ma ta zo ta 58. Mahaifinta zai ce ɓata lokaci ake yi, ya cire ta, ya ɗora mata talla. Alhali kuwa da farko ko sunanta ba ta iya rubutawa, yanzu tana rubuta shi, tana kuma ƙirga har hamsin. Ta ci gaba sosai. Takardar ce ba ta da wurin nuna haka.

Hanyar da ta dace ita ce a gwada yaro da kansa, wato jiyansa da yau ɗinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa. Malam ba ya barin yaro ya wanke sai ya biya daidai. In ya biya a yi masa ƙari, in bai iya ba ya koma ya maimaita. Babu na ɗaya, babu na ƙarshe, amma malam ya san inda kowa ya tsaya. Ta wannan hanya makafi da yawa suka haddace Alƙur'ani. Makarantar boko ma ta yarda da wannan. Manufar ilmi ta ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta fitar a 1977, ta ce a riƙa auna yaro a kai a kai, ba sai ranar babbar jarrabawa ba. Ta kuma ce yara masu buƙata ta musamman suna da haƙƙin ilmi kamar kowa.

Kafin a auna ci gaba, sai an san abin da ke damun yaron. An sha kiran yaro daƙiƙi, ashe allo ne ba ya gani daga bayan aji. Wani kuma an ce ba ya jin magana, ashe da gaske kunnen ne ba ya ji. Malami zai iya yin ɗan gwaji. Ya tsaya bayan yaron ya kira sunansa a hankali, ya ga ko zai waiwayo. Ya lura ko yana kai littafi dab da ido, ko yana kanne ido in zai dubi allo. A asibiti akwai takardar gwajin ido mai manya da ƙananan haruffa, wadda ake karantawa daga nisan mita 6. Wani yaron tabarau kawai yake buƙata, ko a dawo da shi layin gaba.

Bayan wannan sai malami ya samu ɗan littafi, ya ware wa yaron shafi. A makon farko na zango ya rubuta abin da yaron ya iya, ya sa kwanan wata. Ya rubuta abin da ido zai gani, kamar "ya san haruffa 7" ko "yana ƙirga tsakuwa har 10". Kalma irin "yana ƙoƙari" ko "ba shi da ƙwazo" ba ta gaya wa kowa komai. Daga nan sai a zaɓi abu biyu ko uku da ake so ya iya kafin hutu. Kada a yi zari. Ga mai jinkirin fahimta, ƙarin haruffa biyar a zango ba ƙaramin aiki ba ne.

Duk bayan mako biyu a sake dubawa. Alama uku sun isa: ya yi da kansa, ya yi da taimako, bai iya ba tukuna. Ta tsakiyar nan tana da muhimmanci ƙwarai. Jarrabawa ba ta san ta ba, ita ci da faɗuwa kawai ta sani. Amma yaron da a watan jiya sai an riƙe masa hannu yake rubutu, yau kuma nuna masa kawai ake yi, ya matsa gaba, ko da bai kai ga yi shi kaɗai ba.

Ita ma jarrabawar sai an gyara yadda ake yin ta. Abin da ake son sani shi ne ilmin da ke kan yaro, ba lafiyar idonsa ko hannunsa ba. Makaho a karanta masa tambaya ya amsa da baki. In ya koyi rubutun makafi, ya amsa da shi. Wannan rubutu wani makaho ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Braille ne ya ƙirƙiro shi a 1824. Ɗigo shida ne masu tudu, ana jujjuya su su ba da haruffa, ana karantawa da yatsa. Karanta shi ya fi cin lokaci, don haka a ƙara wa yaron lokaci. Mai raunin gani a rubuta masa da manyan baƙaƙe. Wanda hannunsa ya shanye ya faɗa a rubuta masa. Hukumar JAMB ma, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, tun 2017 ta ke yi wa makafi tasu a cibiyoyi na musamman, har da Kano.

Sha'anin kurma ya fi wuya, kuma a nan aka fi yin kuskure. Yaron da aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ko Turanci da kunnensa ba. Harshensa shi ne maganar hannu. Rubutu a wurinsa kamar baƙon harshe ne, shi ya sa kalmominsa kan zo a birkice. Wannan ba ya nufin bai gane darasin ba. A sa shi ya nuna da hannu, ko ya zana, ko ya yi lissafin da tsakuwa. In malami bai iya maganar hannu ba, ya nemi wani ɗan gidansu da suka saba ya taimaka.

Gyara hanya daban, kyautar maki daban. Wasu malamai kan ba yaro maki don tausayi. Wannan cuta ce, domin littafin zai nuna ya iya abin da bai iya ba, a wuce da shi gaba a bar shi cikin duhu.

Iyaye su ma suna da abin faɗa, domin suna ganin abin da malami ba ya gani. Yaron ya fara gane kuɗi? Ana aikensa ya dawo da saƙo daidai? Yana sa riga da kansa? Ya fara shiga cikin yara yin wasa? Duk wannan ci gaba ne, kuma ya cancanci shiga littafin. Uba ko uwa ba sai sun iya karatu sosai ba. Su je makaranta ko sau ɗaya a zango, su ce malami ya karanta musu shafin ɗansu.

Idan zango guda ya wuce ba a ga canji ba, kada a yi saurin ɗora wa yaron laifi. A duba ko yana zuwa kullum, ko yana karyawa kafin ya fito, ko aikin ya yi masa nauyi. Sai a rage aikin ko a canza dabara. Idan kuwa ya fara mance abin da ya iya a da, ko yana yawan barci a aji, ko yana faɗuwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Hedimasta zai iya neman shawara a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. In yaron ya shiga sabon aji, ko ya koma wata makaranta, a kwafe shafinsa a ba sabon malami, domin ya ɗora daga inda aka tsaya.