In Injin Hagu Ya Mutu A Sama

Manomin Achilafiya ya sani, in ɗaya daga shanun huɗa ya tirje, garma wajensa takan karkace. To, haka jirgin sama mai inji biyu yake yi in inji guda ya mutu.

Abin mamaki, mutuwar injin hagu ta fi hatsari ga jirage irin DC-3, waɗanda suka yi jigilar mutane a Kano zamanin Nigeria Airways. Dalili kuwa, farfelolinsu duka biyu dama suke juyawa in an dube su ta baya. Sa'ad da jirgi ya ɗaga hanci, reshen farfela mai gangarowa ya fi cin iska, watau ƙarfin ja yakan koma gefen dama na kowane inji. Na injin dama ya yi nisa da gangar jirgin, saboda haka in shi kaɗai ya rage, sai ya murɗa jirgin hagu da ƙarfi.

Dabarar saɓa juyi tsohuwa ce. Tun 1903 'yan'uwan nan Wright suka gicciya sarƙar farfela guda, don biyun su juya saɓanin juna. A 1970 kamfanin Piper ya fito da jirgi mai farfeloli masu juyowa ciki ta sama, hatsarin injin biyu ya zama daidai. Amma kayan gyaransu sun bambanta, kuɗi ya ƙaru, shi ya sa ba kowa ya bi ba.

Saboda haka ake horon matuƙa, har a makarantar Zariya da aka kafa a 1964, su taka fedar wutsiya nan da nan ta wajen injin da ke da rai, kafin jirgi ya kauce.