Na'urar riƙe igiya mai taimakon birki

Na'urar riƙe igiya mai taimakon birki ƙaramin kayan aiki ne na ƙarfe da ake amfani da shi a wasan hawan dutse domin tare mai hawa idan ya faɗo. A wannan wasa mutum biyu ne ke aiki da igiya ɗaya: ɗaya yana hawa da igiyar ɗaure a ɗamararsa, ɗayan kuma yana ƙasa yana sakar masa ita ko yana janye ta ta cikin na'urar da ke maƙale a tasa ɗamarar. Abin da ya bambanta wannan na'ura da ta gargajiya shi ne, idan aka fizgi igiyar da ƙarfi, na'urar kan matse ta, ta rage wa hannun mai riƙon nauyi. Taimako ne kawai take yi. Kamfanonin da ke ƙera ta duk sun yi gargaɗin kada a saki igiyar ɓangaren birki ko da na daƙiƙa ɗaya ne.

Tarihi

Kafin a samu na'urori, ana zagaya igiya ne a kugu ko a kafaɗa, jikin mai riƙon ya zama birki. A ƙarshen shekarun 1960 Fritz Sticht ya ƙirƙiro wani faifan ƙarfe mai rami da ake cusa igiya a ciki, daga shi ne aka samu na'urori masu siffar bututu irin su ATC ta kamfanin Black Diamond. Waɗannan gugar igiya da ƙarfe kawai suke ƙarawa. Idan hannu ya saki, igiyar za ta zarce.

A shekarar 1991 kamfanin Petzl na ƙasar Faransa ya fito da GriGri, wadda ta zama mafi shahara a wannan rukuni. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da Faransawa ke kiran laya da ita a Afirka ta Yamma. An sake fasalinta a 2011, sannan a 2017 aka fito da GriGri+, mai mariƙin da ke sake kulle igiya idan an ja shi fiye da kima. A 2015 Ƙungiyar Masu Hawan Tsaunuka ta Jamus, wato DAV, ta ba da shawarar a riƙa amfani da na'urori masu taimakon birki a zaurukan hawa da kuma duwatsun da aka riga aka kafa wa ƙusoshi.

Ire-irenta

Iri biyu ne manya. Na farko yana da wani harshen ƙarfe mai juyawa a ciki. Idan igiya ta gudu da ƙarfi, harshen sai ya juya ya danne ta a jikin na'urar. GriGri da Vergo ta kamfanin Trango suna cikin wannan rukuni. Ana sauke mai hawa ta hanyar jan mariƙi a hankali, ɗaya hannun yana riƙe da igiya.

Iri na biyu ba shi da wani abu mai motsi. Siffar ramin na'urar ce ke sa zoben ƙarfe mai makulli, wanda ake kira karabina, ya zame ya matse igiyar idan nauyi ya hau kanta. Misalansa su ne Mega Jul ta Edelrid, Smart ta Mammut, Click Up ta Climbing Technology da ATC Pilot. Sun fi sauƙin nauyi da araha, amma ƙarfin birkinsu ya dogara ne ga kauri da siffar karabinar, shi ya sa wasunsu ake sayar da su tare da karabinarsu.

Akwai kuma Revo ta Wild Country, mai wata ƙafa da ke kullewa idan gudun igiya ya wuce kima. Tana aiki ko ta wane ɓangare aka saka igiyar.

A Turai ƙa'idar EN 15151 ce ke tantance waɗannan kayan, kuma ta kasu gida biyu. Kashi na 1 na na'urori masu kullewa da taimakon hannu ne, kashi na 2 kuma na masu birkin hannu zalla. Da yawa daga iri na biyu da aka ambata a sama a ƙarƙashin kashi na 2 aka tantance su, duk da cewa ana tallata su a matsayin masu taimakon birki.

Yadda ake zaɓa

Abu na farko da ake dubawa shi ne kaurin igiya. Kowace na'ura akwai iyakar da aka rubuta a jikinta. GriGri ta yanzu, alal misali, tana karɓar igiya daga milimita 8.5 zuwa 11. Siririyar igiya, ko sabuwa mai santsi, ko wadda ta jiƙe ko ta daskare, ba ta kamuwa da sauri kamar mai kauri.

Sai kuma irin hawan. GriGri igiya ɗaya take ɗauka, don haka ta fi dacewa da zauren hawa da gajerun hanyoyi, inda mai hawa kan daɗe yana rataye yana hutawa. Mai zuwa dogayen tsaunuka da igiya biyu, wanda zai sauko a kansu, ya fi buƙatar irin su Mega Jul ko Giga Jul masu rami biyu. Bahago ma ya kamata ya gwada kafin ya saya, domin an tsara GriGri ne da hannun dama a kan birki.

Inda hatsarin yake

Yawancin haɗurran da ke faruwa da waɗannan na'urori daga mai riƙon suke, kuma kurakuran sanannu ne. Na farko shi ne saka igiya a juye. A jikin na'urar akwai zanen mai hawa da na hannu da ke nuna inda kowane ɓangare zai bi, kuma kafin a fara hawa abokan biyu kan duba juna: ƙullin mai hawa, ɗamara, makullin karabina, sannan a fizgi igiyar a ga ko na'urar ta kama.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Lokacin da mai hawa ke buƙatar igiya da sauri, mai riƙon kan danne harshen GriGri da babban yatsa don kada ta kulle. Hanyar da Petzl ke koyarwa ita ce a yi hakan na ɗan lokaci kaɗan, sauran yatsu suna riƙe da igiyar birki. Wanda ya damƙe na'urar gaba ɗaya a tafin hannu ya kashe birkin, kuma idan faɗuwa ta zo a wannan lokacin, ɗabi'ar ɗan Adam ita ce ya ƙara damƙewa. Haka ma wanda ya cafke igiyar ɓangaren mai hawa: yana rage fizgar da harshen ke buƙata kafin ya juya, igiyar kuma ta ƙone masa hannu.

Wajen saukewa, mai koyo kan firgita ya ja mariƙin har ƙarshe, mai hawa ya taho da gudu. Hannun da ke kan igiya ne ya kamata ya daidaita saurin saukowa. Ana kuma ƙulla ƙarshen igiyar, domin idan hanyar ta fi rabin tsawonta, ƙarshen zai iya sulluɓewa ta cikin na'urar, kuma babu birkin da zai hana wannan.

Bambancin nauyi ma abin lura ne. Idan mai hawa ya fi mai riƙon nauyi sosai, faɗuwa kan ɗaga na ƙasa sama, na'urar ta bugi zoben farko da ke jikin dutse, wanda zai iya danne harshen ya saki igiya. Don haka ne Edelrid ya ƙera Ohm, wadda ake maƙalawa a ƙusar farko ta ƙara wa igiya guga. Sannan tunda na'urar kan tsayar da igiya kusan nan take, mai riƙon ne zai sassauta faɗuwar da jikinsa, ya ɗan matsa gaba ko ya yi ɗan tsalle daidai lokacin da igiyar ta miƙe, don kada mai hawa ya bugu da bango da ƙarfi. Ana koyon wannan ne a zauren hawa a gaban mai horarwa, da mutum na uku riƙe da ƙarshen igiya a baya.