Amosanin jini: tushen ciwon yana cikin ɓargo

Da zarar sanyin hunturu ya kama, akwai gidajen da ba a barci a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yaro na kuka yana riƙe da gaɓoɓinsa, idanunsa sun yi ɗorawa, uwa ta rasa inda za ta sa kanta. Wannan ciwo shi ne amosanin jini, wanda muke kira emasi, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce masa sikila. Wasu na ɗora laifin a kan iska, wasu a kan sammu. Likitoci kuwa sun daɗe da gano tushensa: yana cikin ɓargo.

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ya san ɓargo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a nan ake yin jini. Cikin ɓargon ƙashin ƙugu da na ƙirji da haƙarƙari akwai wasu ƙwayoyi ƙalilan da za mu kira uwayen jini. Su ke haifar jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina cikin jiki, da farare masu yaƙi da cututtuka, da ƙananan da ke tsayar da jini idan an ji rauni. A kowace daƙiƙa ɓargon babban mutum yana fitar da jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2. A shekarar 1961 ne masana biyu, Till da McCulloch, suka tabbatar da samuwar waɗannan uwaye a birnin Toronto na ƙasar Kanada.

Idan uwa ta samu matsala, ƴaƴanta ma sai su samu. Wani lokaci ɓargo kan daina aiki, jini ya ƙare. Wani lokaci ya riƙa fitar da fararen ƙwayoyi marasa amfani barkatai, wato sankarar jini. A wajen mai emasi kuwa, uwayen jinin na ɗauke da gadon da ya samo daga uwa da uba, sai jajayen ƙwayoyinsa su riƙa lanƙwashewa kamar lauje suna toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar mai lafiya tana yin kwana 120; ta mai emasi kwana 10 zuwa 20 kawai. Shi ya sa ƙarin jini ke kawo sauƙi amma ba ya warkarwa, domin baƙon jinin yana ƙarewa, ɓargon kuma yana nan yadda yake.

Daga nan dabarar dashen ɓargo ta samo asali. A 1958, a birnin Paris, likita Georges Mathé ya gwada ta a kan ma'aikatan Yugoslabiya da haɗarin nukiliya ya lalata wa ɓargo. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya mai shekara 8 a Amurka, mai sankarar jini da emasi gaba ɗaya. Aka yi mata dashe saboda sankarar, sai ta rabu da duka biyun. Najeriya ta yi nata dashen na farko ga mai emasi a 2011, a asibitin koyarwa na jami'ar Benin.

Ga yadda ake yi. Ana ba maras lafiya magunguna masu ƙarfi da ke kashe tsohon ɓargonsa, sannan a ɗura masa na mai bayarwa ta jijiya, kamar ƙarin jini. Uwayen jinin da kansu suke neman hanya su shiga ƙashi su zauna. Mai bayarwa kuma ya kwantar da hankalinsa: ba a taɓa lakarsa, daga ƙashin ƙugu ake zuƙa bayan an sa shi barci, abin da aka ɗiba kuma yana komawa cikin ƴan makonni.

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Ɓargon da ya fi karɓuwa shi ne na shaƙiƙi, amma ko tsakanin ƴan uwa ɗaya uba ɗaya, sa'ar dacewa ɗaya ce cikin 4. Idan an dace, kuma yaron bai yi nisa da shekaru ba, wajen 9 cikin 10 suna warkewa. Sai dai akwai haɗari: sabon ɓargon kan juya ya yaƙi jikin da ya shiga, magungunan kan hana haihuwa, wasu kuma sukan rasa ransu. Ga tsada, ga doguwar jinya a ƙasar waje.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wata sabuwar hanya: a ciro uwayen jinin maras lafiya, a gyara su, a mayar masa. Kuɗin da aka yanka mata a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne, fiye da miliyar ɗaya na sefa. Wane manomi ne zai iya?

Saboda haka abin da ke hannunmu shi za mu riƙe. Yaro mai emasi ya kwana cikin gidan sauro, a rufa shi lokacin sanyi, ya sha ruwa da yawa, a yi masa allurar rigakafi, a garzaya da shi wurin likita da zarar jikinsa ya yi zafi. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da wannan ciwo. Sannan a sani, ko wanda dashe ya warkar yana iya gadar wa ƴaƴansa, domin ɓargo aka sake masa, ba iri ba. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin 4 na haihuwar mai SS.

Iyaye da waliyyai, kafin a sa rana a raba goro, a kai saurayi da budurwa awon jini. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.